Karayar Kogon Goshi: Abin da Ke Jawo Ta da Yadda Ake Maganinta

Kogon goshi wani fili ne mai cike da iska a cikin ƙashin goshi, daidai bayan gira, sama da karan hanci. Yawanci biyu ne, na dama da na hagu, da siririn ƙashi a tsakaninsu, kuma da wuya a same su girma ɗaya. Ba a haihuwar jariri da shi. Yakan fara tsirowa wajen shekara 2, ya soma bayyana a hoto tsakanin shekara 6 zuwa 8, ya kammala girma gab da shekara 20. Akwai mutane ƙalilan da ba su da shi a gefe ɗaya, ko ma a duka biyun, kuma hakan ba cuta ba ce. Saboda wannan jinkirin girma ne karayarsa ta zama ciwon samari da manya. Ƙaramin yaro in ya bugu a goshi, ƙarfin bugun yakan zarce zuwa rufin kwarmin ido ko gindin ƙoƙon kai.

Tsarin kogon kamar na ɗaki ne. Bangon gaba shi ne wanda yatsa ke taɓawa a goshi, kuma mai kauri ne ƙwarai. Bangon baya siriri ne, a wasu wurare bai kai milimita ɗaya ba, kuma a bayansa kai tsaye tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake, sai ƙwaƙwalwar kanta. Daɓen ɗakin shi ne rufin kwarmin ido. Cikinsa duka a shimfiɗe yake da wani lallausan tantani mai fitar da majina dare da rana, kuma majinar tana sauka cikin hanci ta wata 'yar matsattsiyar hanya da ke ƙasa, ta wajen karan hanci. Aikin wannan hanya aikin wuriya ne a gidan ƙasa: muddin a buɗe take, ba wanda ke tunawa da ita, ranar da ta toshe, ruwa ya kwanta ya fara cin gini. Duk wata shawara da likita zai yanke a kan wannan karaya tana komawa ne ga abu huɗu: bangon gaba, bangon baya, wuriyar, da tantanin ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ke jawo ta

A duk ƙasusuwan fuska babu mai juriyar bugu kamar bangon gaba na kogon goshi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kafin ya karye sai an sauke masa ƙarfin da ya kai nauyin kilo 360, wato wajen buhun siminti bakwai, a wasu mutanen ma sai ninkin haka. Shi ya sa karayar ba ta da yawa; a cikin karaya ɗari ta fuska takan kama biyar zuwa goma sha biyar. Amma ma'anar wannan lissafi ga likita a fili take: bugun da ya iya fasa goshi ya isa ya girgiza ƙwaƙwalwa, ya karya wuya, ya lalata ido. Da wuya karayar ta zo ita kaɗai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke tsayawa a bangon gaba. Sauran sukan haɗa da bangon baya.

Hatsarin hanya ne kan gaba a ko'ina. A Turai da Amurka ɗaura bel da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari sun rage yawan direbobin da goshinsu ke haɗuwa da sitiyari ko gilashi. A ƙasar Hausa kuwa babur ne ya fi kawo masu wannan rauni, kuma galibinsu maza ne 'yan shekara 20 zuwa 40, wato masu ciyar da gida. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta sa hular kwano, amma duk wanda ya tsaya a bakin titi ya san inda maganar ta kwana. Ko waɗanda ke sawa, da yawa suna tura ta baya saboda zafi, ko su bar igiyar a kwance, sai hular ta yi nata wuri kafin kan ya isa ƙasa. Hular leburorin gini ma da wasu ke arowa ba don gudun babur aka ƙera ta ba.

Bayan hatsari sai faɗa: gora, gatari, adda, dutse, gindin bindiga, ko harsashi. Sai faɗowa daga bishiya, daga saman gini, ko daga kan lodin mota. A karkara ana ganin harbin jaki ko doki da tunkuyin sa. Akwai kuma raunin sana'a da ba a cika maganarsa ba, alhali yana daga cikin mafi muni: tayar babbar mota da ta fashe wa mai faci yana cikin ba ta iska, ƙarfen rim ya tashi ya same shi a fuska, ko faifan injin yankan ƙarfe da ya tarwatse a hannun mai walda. Irin waɗannan sukan dagargaza bangon gaba da na baya gaba ɗaya.

Alamomi, da dalilin da ya sa ake kuskure ta

Babbar matsalar wannan karaya ita ce tana ɓuya. A kwanakin farko goshi yakan kumbura, kumburin ya cike ramin da ƙashin ya lotsa, har goshin ya yi kamar ya fi da cika. Sai bayan mako ɗaya ko kwana goma, kumburi ya saɓe, ramin ya fito. Abin da ake yawan gani a asibiti ke nan: an kai mutum wani ƙaramin wuri, an wanke ciwon, an ɗinke fatar, an ba shi maganin ciwon jiki, an ce ya tafi Allah ya kiyaye gaba. Ɗinkin ya yi kyau, amma ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya riƙe ita ce, duk yanka mai zurfi a goshi bayan bugu mai ƙarfi, a ɗauka akwai karaya a ƙasansa har sai hoto ya nuna babu.

Alamomin da ake nema sun haɗa da mutuwar fatar goshi har zuwa tsakiyar kai, saboda jijiyoyin ji da ke fitowa ta saman gira sun bugu, baƙin jini da ya kewaye idanu biyu, haɓo, ganin abu ɗaya ya zama biyu, rashin jin ƙamshi ko wari, da wani ƙuruƙuru da ake ji a ƙarƙashin fata in an taɓa, alamar iska ta fita daga kogon ta shiga nama. Suma a wurin hatsarin, ko da ta minti ɗaya ce, amai, ruɗewa, yawan barci, ko ciwon kai mai ƙaruwa, duk suna nuni ga ƙwaƙwalwa.

Alamar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ɗigar ruwa garai daga hanci. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa mai kama da ruwan sha, wanda tantaninta ke riƙe da shi. Idan bangon baya ya karye ya yaga tantanin, ruwan yakan bi ta cikin kogon ya sauko hanci. Ba shi da kauri ko yauƙi irin na majina, yawanci ta hanci ɗaya yake zuwa, yana ƙaruwa in mutum ya sunkuya ko ya yi yunƙuri, kuma majinyaci yakan ce yana jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro. Idan ya gauraya da jini ya ɗiga a matashi ko farin ƙyalle, jinin yakan tsaya a tsakiya, ruwan ya yi masa zobe. Wannan gwajin ba ya yanke hukunci, amma ya isa ya sa a tashi tsaye. Tabbaci sai an auna ruwan a ɗakin gwaji. A lokacin hunturu mutane da yawa sukan ɗauka mura ce, su sayi magani a kemis. Haɗarin shi ne, hanyar da ruwa ya fito ta nan ƙwayoyin cutar da ke hanci za su shiga, kuma ƙarshen wannan tafiya sanƙarau ne.

Taimakon farko da bincike

A wurin hatsari, numfashi ne farko, sannan tsayar da jini, sannan wuya. Ɗaukar mutum a kama hannu da ƙafa kai yana lilo, a cusa shi a adaidaita sahu, ya gurgunta mutanen da da sun tashi lafiya. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi a kan abu mai faɗi kamar ƙyaure ko katako. A rufe ciwon da tsaftataccen ƙyalle ba tare da danna wurin da ya lotsa ba. Kada a zare abin da ya cake, kada a zuba toka, ƙasa, man birki ko garin magani, kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa. Hancin da ke ɗigar ruwa garai ba a toshe shi da auduga. Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci akwai ƙarin gargaɗi: ba a zura robar abinci ta hancin wanda ake zargin gindin ƙoƙon kansa ya karye, domin tana iya kauce hanya ta shiga cikin kai.

A asibiti ana auna matsayin hayyaci da ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Ana duba gani da motsin ido tun kafin kumburi ya rufe fatar ido, a yi allurar rigakafin tetanos in akwai buɗaɗɗen ciwo. Daga nan sai hoto. Hoton eksire na kai ba ya wadatarwa. Yana iya nuna tsaga a gaba, amma ba ya faɗin komai abin dogaro game da bangon baya ko wuriya. Hoton siti sikan mai yanka sirara, ta fuskoki uku, shi ne ke nuna zurfin lotsawar, da halin bangon baya, da ko iska ta shiga cikin ƙoƙon kai, da ko jini ya taru. Hoton yana da tsada, kuma dangi kan yi jinkiri in sun ga majinyaci yana magana yana cin abinci. Amma in kuɗin abu ɗaya kawai iyali za su iya haɗawa a ranar farko, to na wannan hoton ne, domin shi ne ke raba wanda zai koma gida da wanda ke bukatar tiyata.

Aikin ba na likita ɗaya ba ne. Yakan haɗa likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da na ƙwaƙwalwa, da na ido. Irin wannan haɗuwa a manyan asibitocin koyarwa ake samunta, kamar na Kano da Zariya da Sakkwato, don haka turawa da wuri na daga cikin magani. Ɗori kuwa ba shi da gurbi a nan. Gwanintar mai ɗori a kan dogon ƙashi take, na hannu ko ƙafa, wanda ake ja a daidaita a ɗaure da karare. Ƙashin goshi ba ya jawuwa, kuma gasawa da murzawa na iya tura gutsuren ƙashi cikin ƙwaƙwalwa.

Magani

Ba kowace karaya ce ke bukatar wuƙa ba. Idan bangon gaba tsagewa kawai ya yi, ko ya lotsa da milimita 1 zuwa 2, kuma wuriya lafiya take, sa ido ya isa. Ana kwantar da kai a ɗage, a ba da maganin ciwo da na buɗe hanci, a hana majinyaci duk abin da zai matsa iska cikin kogon ko ya ƙara matsi a kai har tsawon makonni: fyace majina, riƙe atishawa, zuƙa da tsinken shan lemo, ɗaukar kaya masu nauyi, yunƙuri a bayan gida, hawa jirgin sama. In atishawa ta zo, a yi ta baki a buɗe.

A nan akwai abu biyu da littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe ba sa ambata, alhali majinyaci a ƙasar Hausa zai ci karo da su sau biyar a yini. Na farko shaƙa ruwa da fyacewa a alwala. Na biyu sujada, inda kai ke yin ƙasa kuma goshin da ya karye ya ɗauki nauyi. Wanda ke ɗigar ruwan ƙwaƙwalwa ko aka yi wa aiki, shaƙar ruwa na iya kai ƙwayar cuta ciki, sunkuyawa kuma tana ƙara ɗigar. Addini ya yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune da nuni, kuma wajibi ne likita ya ɗauko maganar da kansa, domin majinyata da yawa ba za su tambaya ba, za su ci gaba da yi ne kawai. Haka nan magungunan shaƙe da sirace da hayaƙi da ake yi wa mai ciwon kai, duk a dakatar da su.

Ɗigar ruwan ƙwaƙwalwa sau da yawa takan tsaya da kanta cikin kwana 5 zuwa 7 in an kwanta an kiyaye. Wani lokaci ana sa siririyar roba a gadon baya a riƙa rage ruwan, don yagar ta samu ta haɗe. In ta wuce mako ba ta tsaya ba, sai a shiga a toshe.

Idan bangon gaba ya lotsa har za a ga rami, ana ɗaga gutsattsarin a mayar da su mazauninsu, a riƙe su da ƙananan faranti da kusoshin taitaniyam, ko raga in ƙashin ya yi ƙanana da yawa. An fi son yin haka cikin mako biyun farko, kafin ƙashi ya fara kamawa a karkace. Hanyar shiga da aka fi sani ita ce yanka daga saman kunne zuwa saman kunne ta cikin gashi, a naɗo fatar kai zuwa gaba har goshi ya bayyana. Jin bayanin kawai yakan tsorata dangi, amma tabon yana ɓuya a gashi, kuma ya fi yankan tsakiyar goshi nesa ba kusa ba. Yana da nasa illolin: gashi na iya ƙin fitowa a kan tabon, mai sanƙo ba shi da inda zai ɓoye shi, kuma akwai jijiyar ɗaga gira da dole a kiyaye. In hatsarin ya riga ya bar babban yanka, ana iya bi ta nan. Ƙaramin rami kuma ana iya barinsa ya warke, daga baya a cike shi da abin ciko ta 'yan ƙananan ƙofofi a cikin gashi.

Wuri mai wuyar shawara shi ne in wuriya ta lalace. Tarihin wannan fanni kusan duka a kan wannan tambaya ya ginu. A 1898 wani likita Bajamushe mai suna Riedel ya bayyana aikin cire bangon gaba gaba ɗaya, a bar fata ta kwanta a kan bangon baya. Yana kashe kogon, amma yana barin mutum da goshi a rafke har abada. A shekarun 1950 likitoci Bergara da Itoiz a Ajantina, sannan Goodale da Montgomery a Amurka, suka yaɗa dabarar cike kogon da kitsen da aka ɗebo daga cikin majinyacin kansa. Ana buɗe kogon, a kankare tantanin majina tas, a goge ƙashin da injin gurza domin tantanin yana da saiwoyi a cikin 'yan ramukan ƙashi, a toshe wuriya, a cika da kitse, a mayar da bangon gaba. Nasarar aikin tana ga kankarewar. Ɗan ɓurɓushin tantani da ya saura zai ci gaba da fitar da majina a ɗakin da aka riga aka toshe ƙofarsa.

Idan bangon baya ne ya farfashe, ko ya gusa fiye da kaurinsa tare da yagar tantanin ƙwaƙwalwa, ana yin aikin da likitoci Donald da Bernstein suka bayyana a 1978. Ana cire bangon baya ɗungurungum, a ɗinke tantanin ƙwaƙwalwa, a kankare na majina, a toshe wuriya, a shimfiɗa wani tantani mai jini da aka ɗago daga saman ƙoƙon kai ya zama katanga tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, sannan a gina bangon gaba. Da sannu ƙwaƙwalwa takan matso ta cike gurbin, kogon ya zama wani ɓangare na cikin kai.

Daga farkon shekarun 2000 ra'ayi ya karkata zuwa ga ceton kogon. Na'urar leƙe da ake zurawa ta hanci ta ba da damar faɗaɗa wuriya daga ƙasa ba tare da yanka a waje ba, har ma da toshe wasu yagar tantanin ƙwaƙwalwa. An kuma lura cewa wuriyoyi da yawa da suka toshe saboda kumburi sukan buɗe da kansu. Don haka likitoci da dama yanzu sukan gyara bangon gaba, su jira, su sake hoto, sai in kogon bai koma shan iska ba su shiga ta hanci. Wannan hanya tana da kyau, amma sharaɗinta majinyaci ya dawo. Inda mutum ya fito daga ƙauye mai nisa, kuma da wuya a sake ganinsa ko ya iya biyan hoto na biyu, aikin da zai rufe maganar gaba ɗaya tun farko yakan fi zama alheri gare shi. Tambayar inda majinyaci yake zaune da abin da yake iya ɗauka tana da nauyi daidai da abin da hoto ya nuna.

Abin da ka iya biyo baya

A makonnin farko abin tsoro shi ne sanƙarau, ruɓar ciwo, da ci gaban ɗigar ruwa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ƙin haske bayan bugun goshi ba zazzaɓin cizon sauro ba ne har sai an tabbatar. A koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Mutuwar fatar goshi takan ragu cikin watanni, ko da yake jin ƙamshi in ya tafi ba kullum yake dawowa ba. Wasu sukan zauna da ciwon goshi mai naci.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne jakar majina, wadda likitoci ke kira mukosil. Majina takan taru a kogon da ya toshe, ta riƙa kumbura a hankali tana cinye ƙashin da ke kewaye. In ta ci ta ƙasa, sai ido ya fara turowa waje yana yin ƙasa da gefe, gani ya rabu biyu. In ta ci ta baya, ta danna ƙwaƙwalwa. In ƙwayar cuta ta shige ta, ta zama mugunya, ta iya ruɓar da ƙashin goshi ko ta tara ƙurji a cikin kai. Wannan na iya bayyana bayan shekara 5, ko 10, ko fiye da 20, lokacin da mutum ya manta da hatsarin, kuma likitan da ke gabansa bai san an yi ba. Saboda haka ake sake hoto bayan 'yan watanni da kuma bayan shekara, ko da mutum yana jin garau, kuma ake so ya adana takardar sallama da hotunansa a wurin da yake ajiye takardun gida ko na gona. Duk lokacin da ciwon kai na gaba ya ƙi jin magani, ko goshi ya kumbura, ko ido ɗaya ya canza mazauni, ko ruwa garai ya dawo a hanci, abin da zai fara gaya wa likita shi ne ya taɓa karyewa a goshi, da shekarar da abin ya faru, da irin aikin da aka yi masa.